Da dodon ake farawa ko da lilon?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga bidiyon wani wurin shaƙatawa a Amurka, mutane na zaune cikin kwalekwale, sai wani ƙaton dainoso ya leƙo da kai kamar zai haɗiye su, nan take kwalekwalen ya rikito cikin ruwa. Ni dai ƙasusuwan waɗannan dabbobi kawai na taɓa gani a gidan tarihi na Yamai. Masu ƙera irin wannan abu da me suke farawa, da dodon ko da lilon? Kuma dodon da aka yi fim da shi ne suka ɗauko suka girke? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bisa yadda ka kwatanta, lilon kwalekwale na Jurassic Park ka gani, na kamfanin Universal. An fara buɗe shi a Hollywood a watan Yunin 1996, shekara uku bayan fitowar fim ɗin dainoso mai wannan suna, sannan aka yi irinsa a birnin Orlando na Amurka a 1999 da Osaka ta Japan a 2001.

Bari in ɗauki tambayarka ta biyu tukuna. A'a, ba na fim ɗin ba ne, kuma ko kyauta aka ba su ba zai yi musu aiki ba. Dodon fim sau ɗaya ake bukatar ya yi daidai a gaban kyamara. In ya ƙi, a tsaya a gyara a sake. Ƙaton T. rex ɗin (dainoso mai cin nama) da Stan Winston, mai ƙera dodannin fina-finai, da mutanensa suka ƙera, da aka zo ɗaukar fitowarsa cikin ruwan sama, fatarsa ta soso ta sha ruwa ta yi nauyi har ya riƙa karkarwa, sai da ma'aikata suka riƙa bin sa da tawul suna tsane shi. To na wurin shaƙatawa a bakin ruwa zai zauna rani da damina, kuma babu mai cewa a sake. Shi ya sa lilon Hollywood ya ci kusan dala miliyan 110, alhali fim ɗin kansa wajen miliyan 63 aka kashe masa.

Amma ba da dodon ake farawa ba, ba kuma da ƙarfen lilon ba. Da lissafin mutane ake farawa: mutum nawa za su wuce a awa ɗaya? Kwalekwalen nan mutum 25 yake ɗauka. A ce kowane minti guda ɗaya ke tashi, mutum 1,500 ke nan a awa, kuma in an yi awa 12 ana aiki, kowane dodo zai yi motsinsa sau 720 a yini. Wannan lissafi ne ke yanke komai. Dodon na da 'yan daƙiƙoƙi ya yunƙuro, ya buɗe baki, ya yi ruri, ya koma mazauninsa kafin na baya su iso. In mai zane ya zo da motsi mai ban sha'awa amma ba zai koma kan lokaci ba, injiniya zai ce masa a kai kasuwa. Cikin dodon ƙarfe ne da na'urorin matsin mai irin waɗanda ke ɗaga hannun motar tonon ƙasa, kwamfuta na ba su umarni da zarar kwalekwale ya iso daidai wurin. Abin da ya fi ba masu gyara wahala shi ne fata, musamman a wuya da gefen baki inda take lanƙwashewa. Nan take fara tsagewa.

Bayan lissafi sai labari, kuma a nan gwanintar take. Tafiyar minti biyar da 'yan kai ce, amma an raba ta kamar tatsuniya. Da farko ƙofa ta buɗe, kiɗa mai daɗi, rana tar, manyan dabbobi masu cin ganye na kiwo. Sai ɗaya daga cikinsu ya ɓullo daga ruwa, kwalekwalen ya kauce hanya ya faɗa inda aka hana shiga: shinge a yage, ƙararrawa na kuka. Daga nan a ja ku sama cikin wani gini mai duhu. Duhun nan ba don tsoratarwa kaɗai aka yi shi ba, yana ɓoye wayoyi da ƙarafa da duk abin da zai tona asiri. Can ƙololuwa T. rex ya sauko da kai ta samanku. Kowa ya ɗaga ido, babu mai duban gaba, sai kawai ku ji kun rufta gangaren kusan mita 26. A ganina wannan ita ce dabara mafi kyau a lilon gaba ɗaya: dodon mai tsada aikinsa kawai ya ɗauke maka hankali daga ramin. Wani abin mamaki, tafiyar kogin ba ta cikin fim ɗin 1993. Daga littafin Michael Crichton na 1990, wanda shi ne tushen fim ɗin, aka ɗauko ta.

Da yake ka ga ƙasusuwa na gaske, kada ka ɗauka abin da ke wurin nan darasin kimiyya ne. Velociraptor, dodon da ke farautar mutane a fim ɗin, na ainihinsa da aka tono a Mongoliya bai fi talotalo girma sosai ba, kuma yana da gashin tsuntsu. Wanda ke tofa wa fasinjoji ruwa kuwa, Dilophosaurus, babu wata shaida cewa ya taɓa tofa dafi. Masu zane sun san haka sarai. Amma wanda ya sayi tikiti dodon da ya gani a fim ya zo nema, in ka ba shi talotalo zai ce an cuce shi.

Akwai kuma wata hanyar dabam. VelociCoaster da aka buɗe a Orlando a watan Yunin 2021, ƙirar kamfanin Intamin, jirgi ne a kan dogo da maganaɗisu ke cillawa har kusan kilomita 110 a awa, ya hau mita 47, ya kifa mutane sau huɗu. A irin wannan gudu ido ba ya tsayawa kan komai, saboda haka dodannin da ke gefen dogon gumaka ne kawai. Masu motsi da numfashi an ajiye su a layin jira, inda mutum ke da lokacin ƙare musu kallo. Kuɗin dodo a inda ido zai daɗe ake zuba shi.

Ta fuskar tsaro, tun a takarda ake auna tsawon hannun mutum mafi tsayi, a tabbatar ko ya miƙe shi iya ƙarfinsa ba zai taɓo haƙori ko bango ba. Hanyar ma an yanka ta kashi-kashi, kwamfuta ba ta barin kwalekwale biyu su haɗu a kashi ɗaya. In ka tashi kai yara, ka auna su tun a gida: lilon kwalekwalen na Orlando sai mai tsawon santimita 107, VelociCoaster kuwa sai 130, kuma masu tsaron ƙofar ba sa jin magiya.