Ku Tambaya Mu Amsa: Dutsen da ke Tsakiyar Birnin Labari

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina rubuta ƙagaggen labari a kan wata masarauta wadda ni na ƙirƙiro ta. A tsakiyar babban birninta akwai dutse, na ɗora fadar sarki a bisansa, na ce sarakuna goma ne suka zauna a cikinta cikin shekara 900. Wani malami da ya duba ya ce abin bai zauna ba. Ina gyaran yake?
Daga wata mai karatu, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Malamin nan ya yi miki gaskiya, kuma wuri biyu ne ya ɓaci: fada da lissafi.

Ki fara sauko da fadar ƙasa. Gidan sarki a ƙololuwar dutse fasalin ginin Turai ne da muke gani a finafinai. A Kano, dutsen Dala na nan a cikin ganuwa, amma Gidan Rumfa, wanda Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya gina, yana ƙasa a sarari. A Zariya ma fada ba ta kan dutsen Kufena. Babban dalili ruwa ne. A ce mutanen fadarki 200 ne, kowa na shan lita 15 a rana har da girki da alwala, lita 3,000 ke nan. Ƙara dawakai 50, kowanne lita 40 a lokacin bazara, an samu 2,000. Jimla 5,000, wato tulu 250 mai cin lita 20, kullum sai an hau da su a ka. Rijiya ba ta haƙuwa a falalen dutse, ramin dutsen da ke tara ruwan sama kuwa kafin Maris ya ƙafe. Abokan gaba ba sa buƙatar hawa, su tsare rafi kwana uku kawai. Sannan doki ba ya son santsin fa, sarkin da ba ya fita bisa doki kuma ai mai karatu Bahaushe ba zai yarda da sarautarsa ba. In lallai kina son fada a wuri mai tsayi, ki mai da shi tudu mai faɗi kusa da gulbi, kamar yadda Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809 a kan tudu kusa da mahaɗar Rima da gulbin Sakkwato.

To me za ki yi da dutsen? Ki ba shi aiki daban a kowane zamani, domin a nan tarihinsa zai fito. Dala ta isa misali. Da farko tama ce ta jawo mutane, an sami alamun narkar da ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7. Daga baya ya zama mazaunin Barbushe mai kula da gunkin Tsumburbura. Bagauda, sarkin Kano na farko, ya zo a 999 bisa lissafin tarihin Kano, amma tsafin bai mutu da zuwansa ba, an ci gaba da ja-in-ja da masu shi har zamanin Yaji (1349 zuwa 1385) da Wangarawa suka iso da Musulunci. Wannan jan lokacin shi ne abin da sababbin marubuta ke tsallakewa: sai sarki ya ci gari da safe, da yamma kowa ya bar al'adarsa. Ki bar zuriyar masu dutsen da 'yar sarautarsu, suna karɓar baƙin bunsuru a asirce bayan an gina masallaci a gindinsa, ki ga yadda rikici zai zo da ƙafarsa.

Kowane zamani kuma ya bar shaida da ido zai gani: tarin kashin maƙera a gefen gabas, kututturen itacen da aka sare, matakalar da ƙafa ta cinye, kufan unguwar da annoba ta tasa.

Sai lissafi. Sarakuna goma a shekara 900 na nufin kowanne ya yi 90 a gado. A Kano, daga Bagauda zuwa Alwali, wanda mulkinsa ya ƙare a 1807, sarakuna 43 aka lissafa, kusan shekara 19 ke nan kowanne. Saboda haka ko dai ki kai sarakunanki 45 zuwa 50, ko ki rage shekarun zuwa 200. Kada ki raba musu daidai wa daida. A samu mai dogon zamani ɗaya, irin Sarkin Musulmi Abubakar na III da ya yi shekara 50 daga 1938 zuwa 1988, a samu wanda bai cika wata tara ba. Ba sai kin kawo sunayensu duka ba, biyar da suka taɓa dutsen sun isa, sauran maroƙi ya ambace su a kirari.

TAMBAYA: Ni suna ne ke ba ni wahala. Duk wanda na raɗa wa dutse ko ƙofa sai in ji kamar na fim ɗin Indiya.
Daga wani ɗalibi, Runjin Sambo.

AMSA: Malam, ka zaga ƙofofin garinku, Sakkwato. Marke da Taramniya itatuwa ne, Kware da Dundaye garuruwan da ƙofa ke fuskanta, Atiku da Aliyu Jodi mutane. Haka Bahaushe ke raɗa suna, da abin da ke gabansa. Ka ba dutsenka suna biyu ko uku: tsohon suna wanda ba mai sanin ma'anarsa, na fada da ake rubutawa a wasiƙa, da wanda 'yan kasuwa ke faɗa, misali Dutsen Maƙera ko da an shekara 300 ba a hura zugazugi a wurin ba. Kafin ka tsayar da suna, ka gwada shi a cikin kirari da babbar murya. In harshe ya sarƙe, canza shi.