Bashin karatu na NELFUND: 'yata za ta samu?

Tambaya: Ni malamin firamare ne a Kumo. 'Yata ta samu gurbi a Jami'ar Tarayya ta Kashere. An ce bashin karatu na gwamnati sai da mutum biyu masu tsaya maka, kuma ba a ba ɗan mai albashi. Gaskiya ne? Akwai ruwa a ciki?

Amsa: Malam, wanda ya gaya maka haka tsohon labari yake riƙe da shi. Dokar 2023 ce ta nemi masu tsayawa biyu, ta kuma ce sai gidan da abin da yake samu a shekara bai kai naira 500,000 ba. An soke ta. Sabuwar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Afrilun 2024 ta cire sharuɗɗan biyu, don haka albashinka ba zai hana ta ba.

Abin nema shi ne ta zama 'yar Najeriya mai gurbi a makarantar gwamnati, ta tarayya ko ta jiha: jami'a, kwalejin ilimi ko ta fasaha. Kashere na ciki, haka Jami'ar Jihar Gombe. Sai ta tanadi lambar JAMB, NIN, BVN, takardar samun gurbi da lambar ɗalibarta ta makaranta.

To, ga inda gizo ke saƙa. Sai makaranta ta aika wa NELFUND, hukumar da ke ba da bashin, bayanan ɗalibanta kafin shafin neman bashin ya gane 'yarka. Sannan dole sunanta da ranar haihuwarta su zo ɗaya a ko'ina. Mu kuwa mun saba: a NIN A'isha Muhammad, a JAMB Aishatu Mohammed, a banki kuma an ƙara Kumo a ƙarshe. Wannan ɗan bambanci ya fi kowane sharaɗi ɓata wa yara lokaci. Ku zauna yau ku jera takardun nan, ku gyara kafin ta cike komai. Kuma ta cike da hannunta. Ban yarda da miƙa wa mai shagon kwamfuta BVN a tafi gida ba.

Ruwa kam babu, abin da aka ci shi za a biya. Kuɗin makaranta kai tsaye yake zuwa asusun jami'a, ba ya bi ta hannunta. Na kashewa, naira 20,000 a wata, shi ke shiga asusunta, idan ta nema.

Amma ka faɗa mata bashi ne, ba tallafi ba. Shekara biyu bayan ta gama bautar ƙasa za a fara cirar kashi 10 cikin 100 na albashinta har ya ƙare.