Me ya sa gashin tumakinmu ba ya shan rini?

Wani mai kiwo daga Shika ya ce ya aske ragunansa huɗu, 'yan Yankasa, ya kai gashin marina a cikin birnin Zariya, sai ya dawo masa dabbare-dabbare, wasu silin fari fat. Ko marini ne ya cuce shi?

Malam, kada ka ɗauki alhakin marini. Yankasa da Uda da Balami duk tumakin gashi ne, ba na ulu ba irin Marino da ake kiwo a Ostireliya. Gashi da ulu furotin guda ya gina su, wato keratin, wanda ke yin kofato da ƙaho, amma ƙirar ta bambanta. Ka ciro sili ɗaya mai kauri daga wuyan ragonka, ka lanƙwasa shi. Za ka ga ya karye kamar tsinke. Cikinsa rami ne mai iska, naman da zai riƙe launi kaɗan ne, shi ya sa ko ya kwana a rini yake fitowa da haske.

Da rinin ma masana ke leƙa cikin silin. Ana yanka shi siriri, a ɗiga masa launi irin shuɗin metilin, a duba a madubin ƙara girma. A 1953 wasu masana biyu a Japan, Horio da Kondo, suka nuna cewa silin ulu mai laushi ɓari biyu ne: ɗaya na shan launi sosai, ɗayan, mai yawan farar wuta a furotin ɗinsa, ba ya sha sosai. Wannan rabuwar ce ke tafiya da murɗewar ulu. Farar wutar kuwa ka san warinta, ranar babbakar kan rago.

In za ka sake gwadawa, tsefe silin masu kaurin ka ware su gefe, ka wanke maiƙon sauran gashin da ruwan ɗumi. Kada ka jiƙa shi a ruwan toka ko kanwa mai ƙarfi, suna cinye keratin. Ruwa mai ɗan tsami ya fi so, ko na tsamiya.

Wata Hajiya daga Samaru kuma ta ce baƙar tunkiyarta gashinta na komawa ja.

Hajiya, rana na iya dusar da shi, ƙarancin jan ƙarfe a abinci ma na yin haka. Sai dai kada ki ba ta gishirin lasa na shanu, domin jan ƙarfe in ya yi yawa yana kashe tumaki. Ki kai ta wurin likitan dabbobi ya duba ta tukuna.