Bakanike ya ce in cire indomi kafin gwajin hayaƙi, shin in yarda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2005, da ita nake kai yara makaranta, da ita kuma nake ɗan kabu-kabu da yamma. Takarduna sun kusa ƙarewa, kuma za a duba motar a cibiyar gwajin motoci ta na'ura a Abuja, har da gwajin hayaƙi. Fitilar gargaɗin inji ta fi wata biyu a kunne, motar tana karkarwa idan tana tsaye, shan manta kuma ya ƙaru. Bakanikena ya ce indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, ita ce ta toshe, a fasa ta a zubar. Hankalina a tashe yake, domin da motar nan nake ci da iyalina. Daga wani mai karatu a Kubwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, tsufa kaɗai ba ya kayar da mota a wannan gwaji, amma shawarar da aka ba ka tana iya kayar da ita. Kada ka bari kowa ya taɓa salansar nan tukuna.

Karkarwa da yawan shan mai alama ce ta cewa fetur ba ya ƙonewa sosai a wata silinda, kuma galibi laifin fulogi ne, ko koyil, ko nozul da ya yi datti. Ka fara da kai motar wurin mai na'urar binciken kwamfuta, domin Corolla ta wannan shekara tana da mahaɗar OBD2, wato inda ake jona na'urar, a ƙarƙashin sitiyari. Idan na'urar ta nuna lamba daga P0300 zuwa P0304, tana nufin wuta na tsallake, P0420 kuma ita ce ke cewa aikin indomi ya yi rauni. Ka canza fulogi da matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke cikawa, ka juye baƙin mai idan lokacinsa ya yi, sannan ka tambaya ko tamostat, wadda ke daidaita zafin inji, tana nan, domin injin da aka cire wa ita yana daɗewa bai ɗauki zafi ba, kwamfuta kuwa ta yi ta ƙara masa fetur.

Maganar indomi kuwa, da wuya mako ya wuce ban ji ta ba, kuma ta ishe ni. Abin da muke kira indomi tubali ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe shi da ƙarafa masu tsada, wato filatinam da faladiyam da rodiyam. Idan ya ɗauki zafi, shi ne ke juya iskar kabon monoksaid da ragowar fetur zuwa iskar da cutarwarta ba ta kai tasu ba. Waɗannan kuwa su ne ainihin abin da ake aunawa idan an zura tsinken na'ura a bakin salansa. To yaya za a yi ka zubar da abin da ke rage gubar, sannan ka sa ran alƙaluman su sauka? Kuskuren ya samo asali ne daga zaton cewa hayaƙin da ido bai gani ba tsaftatacce ne, alhali kabon monoksaid ba ta da launi ba ta da wari, kuma ita ce dai iskar janareta da ke kashe mutane cikin barci. Ka tuna yaranka a kujerar baya cikin cunkoso, musamman idan waldar da aka yi bayan yanka salansar ta bar kafa.

Akwai kuma abin da ba a faɗa maka ba: indomi tana da kasuwa. Masu sayenta suna zagaya gareji-gareji saboda ƙarafan nan, shi ya sa ba za ka taɓa ganin wadda aka ce za a zubar a bola ba. Na sha leƙa ƙarƙashin mota in tarar da sabon ɗinkin walda a jikin tukunyar da indomi ke ciki, in ƙwanƙwasa in ji fayau kamar gwangwanin madara, mai motar kuwa bai ma san an yi ba. Ba ina zargin bakanikenka ba ne, amma ka tambaye shi da me ya auna toshewar. Indomi tana toshewa da gaske, sai dai alamarta daban ce: mota ta rasa ƙarfi a hawa, ka taka totur ta ƙi ja. Abin da ke narkar da ita kuma shi ne ɗanyen fetur daga silindar da ke tsallake wuta, wato ainihin ciwon da motarka take da shi yanzu, don haka kowace rana da ka ƙara kana tuƙa ta a haka, kana ƙona ta ne da hannunka. Idan ta riga ta mutu, maganinta a sa wata bayan an gyara musababbin, ba a bar tukunya babu komai ba.

Haka nan kada ka yarda a cire ƙwan fitilar gargaɗin, ko a zare kan batir da safiyar gwaji don ta mutu, domin wannan bai rage komai daga abin da ke fita a salansa ba. Bayan gyara, ka yi kwana uku ko huɗu kana tuƙi na yau da kullum ka ga ko fitilar za ta dawo. A ranar gwajin, ka hau babbar hanya na kamar minti 20 kafin ka isa, kuma idan layi ya yi tsawo kada ka bari injin ya huce, domin indomi mai sanyi, ko da lafiyarta ƙalau, ba ta aiki.