Amsa: Me zan ba tsuntsayen lambu da safiyar sanyi?

Malam, barka da zuwa Ingila. Ka ce ka tashi da safe a wannan wata na Maris ka tarar raɓa ta daskare a kan ciyawa, fari fat kamar an barbaɗa gishiri, ga tsuntsaye suna ta tsalle-tsalle, kana tambayar abin da za ka zuba musu.

Fara da ruwa tukuna. Wanda ke cikin kasko ya zama ƙanƙara cikin dare, sai ka zuba ɗan ruwan ɗumi ya narke. Kada ka sa gishiri, yana cutar da su. Abinci kuwa, gero ya ishi gwara. Gyaɗa marar gishiri ma suna so, amma ka daka ta, domin an kusa fara ƙyanƙyasa, kuma guda tana iya shaƙe ɗan tsako.

Ɗan tsuntsu mai jan ƙirji da za ka gani a cikinsu, robin ne sunansa da Turanci. Za ka ga ya kumbura kamar ƙwallo. Ba ƙiba ba ce, gashinsa ya buɗa don ya riƙe ɗumi. Ni nawa har bakin ƙofa yake biyo ni, ba kunya ko kaɗan. Tsattsewa kam sai Afrilu, tana hanya daga Afirka.