Tambaya da Amsa: Jan harshen nan na rigunan gwanjo, na su waye?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wannan makon tambaya ɗaya ce ta jawo sauran, duk a kan wasu tsofaffin mawaƙan Ingila, to sai na haɗa su wuri guda.

TAMBAYA: Slm Malam, barka da aiki. Ni ɗan gwanjo ne a kasuwar Katangowa, kusan duk dilar da na fasa sai na tsinci riga mai hoton jan baki da harshe a waje, samari har rububinta suke yi kuma suna biya da daraja, amma wani maƙwabcina a layi ya ce min alamar matsafa ce wai in daina sayarwa. Dan Allah mene ne asalinta? Daga wani ɗan gwanjo, Abule Egba.

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Wannan hoton tambarin wata ƙungiyar masu kiɗan rok ce ta Ingila mai suna Rolling Stones. Wani ɗalibin zane a Landan mai suna John Pasche ne ya zana shi a 1970, aka biya shi fam 50 kacal a lokacin, kuma ya fara fitowa a faifansu na 1971. Shi mai zanen ya ce bakin jagoran mawaƙan, Mick Jagger, ya kalla ya zana, don mutumin Allah ya yi shi da manyan leɓɓa, sannan fito da harshe a wurinsu alama ce ta yi wa manya gwalo. Amma ba zan ɓoye maka ba, maganar maƙwabcinka tana da inda ta samo tushe. Lokacin da Jagger ya je neman zanen ya nuna hoton wata abar bautar Hindu mai suna Kali, wadda ake zana ta da harshe a waje, kuma a 1967 da 1968 sun fitar da faifai da waƙa masu ambaton shaiɗan a sunansu, abin da ya sa har Kiristocin Amurka suka yi ta zarginsu. Ni a fahimtata neman suna ne da tsokanar iyaye irin na samarin wancan zamani, hukuncin sayar da rigar kuwa wannan na malamai ne, ka tambaye su da wannan bayanin a hannunka.

Tunda ka taɓo su bari in ba ka labarinsu, don ya cancanci a ji.

Mick Jagger da Keith Richards 'yan gari ɗaya ne, Dartford, kusa da Landan, duk an haife su a 1943, sun yi firamare tare sannan kowa ya kama gabansa. A watan Oktoba na 1961 suka sake haɗuwa a tashar jirgin ƙasa ta garin, Jagger zai tafi jami'a inda yake karatun tattalin arziki, riƙe da fayafayan Chuck Berry da Muddy Waters a hammata, shi kuma Richards da jitarsa. Fayafayan nan su ne suka haɗa su hira a cikin jirgi. Ka lura da sunayen nan biyu, dukkansu baƙaƙen fatar Amurka ne, masu kiɗan buluz da rok na farko, kiɗan da jikokin bayi suka ƙirƙira a gonakin auduga na kudancin Amurka kafin ya hau Shikago. Yaran turawa ne da suka haukace a kan kiɗan baƙar fata a lokacin da a can Amurkar gidajen rediyo da yawa na farare ba sa ko saka shi. Hatta sunan ƙungiyar, wani abokinsu Brian Jones ne ya ciro shi daga wata waƙar Muddy Waters, ma'anarsa dutse mai gangarawa, wato mutumin da ba ya zama wuri ɗaya. Wasansu na farko ranar 12 ga Yuli 1962 a wani kulob mai suna Marquee a Landan. Daga baya Bill Wyman ya shigo da jitar bes, sai Charlie Watts mai ganga a farkon 1963. A 1964 suka je Shikago suka yi rikodin a situdiyon Chess inda gwanayen nasu suke aiki, 1965 kuma suka saki waƙar Satisfaction wadda ta zagaye duniya, shikenan tauraro ya haska.

Abin da ya sa nake ganin girmansu a nan shi ne ba su taɓa musun inda suka ɗebo ba. A 1965 da aka gayyace su wani shirin talabijin a Amurka sai suka dage a kawo Howlin' Wolf, wani dattijon mawaƙin buluz, suka zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa suna kallo yana waƙa. Ko a 2016, suna da shekara saba'in da ɗoriya, sun yi faifai guda cur na tsofaffin waƙoƙin buluz zalla. Duk da haka gaskiya ɗaya ce, su suka kwashi arziƙin, masu abin da yawansu sun mutu ba su ga ko kashi ɗaya cikin ɗari na abin da yaran nan suka samu ba, wannan yana ci min rai har yanzu.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Mu huɗu muka haɗa ƙungiyar waƙa a nan Agege, ko shekara ba mu rufa ba muka watse a kan kuɗin wani biki. Na ji an ce waɗannan Rolling Stones ɗin sun haura shekara 60 tare, ya aka yi suka iya, ko su ba sa faɗa ne? Daga ƙaninka a Agege.

AMSA: Lafiya lau ƙanena. Faɗa kai! Ai wlh abin da suka gani ku ba ku ga rabinsa ba. Brian Jones da ya kafa ƙungiyar ya raɗa mata suna, ƙwaya ta cinye shi har ya daina iya aiki, suka sallame shi a watan Yuni na 1969, wata bai cika ba aka tsinci gawarsa a tafkin wanka na gidansa ranar 3 ga Yuli, yana da shekara 27. A ƙarshen wannan shekarar a wani wasan kyauta da suka yi a Altamont ta Kalifoniya, 'yan babur ɗin da aka sa gadi suka daɓa wa wani saurayi baƙar fata wuƙa ya mutu a gaban dandamali suna tsaka da waƙa. A 1977 aka kama Richards da muguwar ƙwayar nan heroyin a Toronto ta Kanada, saura ƙiris ya yi zaman gidan yari mai tsawo. A shekarun 1980 kuma Jagger ya je ya yi faifansa shi kaɗai, Richards ya ji haushi, suka dinga yi wa juna habaici a jaridu, daga 1982 har 1989 ba su fita yawon wasa ba, kowa ya ce ta ƙare. Sai suka haɗu a tsibirin Barbados su biyu suka yi ta ta ƙare, suka koma rubuta waƙa.

Maganar kuɗi da ta raba ku, nan nake so ka buɗe kunne. Su ma an yi musu sakiyar da ba ruwa. Manajansu na wancan lokaci, Allen Klein, da suka rabu sai ya zamana haƙƙin mallakar duk waƙoƙin da suka yi a shekarun 1960 yana hannun kamfaninsa, har yau ɗin nan, saboda takardun da suka sa wa hannu suna yara ba su karanta da kyau ba. Ga bashin haraji ya taru musu, dole a 1971 suka tattara suka bar Ingila suka koma kudancin Faransa, a ɗakin ƙasa na gidan da Richards ya kama haya suka yi yawancin faifan da mutane da yawa suke cewa shi ne mafi kyawunsu, wanda ya fito 1972. A wannan tsakanin ne suka yi hankali, suka kafa kamfanin faifansu, suka ɗauki mai kula da dukiya na musamman, kowa ya san kasonsa a rubuce. Ku ma kafin ku karɓi bikin farko ya kamata a ce kun zauna kun rubuta, mai waƙa nawa, mai kiɗa nawa, kuɗin situdiyo daga ina, liƙin da aka yi a fili na waye. Kunya ce take hana mu, kar a ce ba ka yarda da ɗan'uwanka ba, ƙarshe kuma zumuncin ne yake tafiya gaba ɗaya.

Sannan akwai bambancin tsari. Mu a gargajiyarmu ƙungiya ta mutum ɗaya ce, shi ne uban tafiya, sauran makaɗa ne da 'yan amshi, shi ya sa da Dr. Mamman Shata ya rasu a 1999 babu wanda zai iya tsayawa a gurbinsa a ce tafiyar tana nan yadda take. Su kuwa sunan na ƙungiya ne, in wani ya fita a sa wani. Mick Taylor ya maye Jones ya tafi a 1974, Ronnie Wood ya shigo 1975 yana nan har yanzu, Wyman ya ajiye a 1993.

Amma in ka tambaye ni wanda ya fi burge ni a tarihinsu, ba Jagger ba ne, wani ne da ba ka taɓa jin sunansa ba, Ian Stewart, mai fiyano. Da shi aka kafa ƙungiyar tun ranar farko. A 1963 manajansu ya ce mutum shida sun yi yawa kuma fuskarsa ba ta dace da hoton samari ba, a cire shi. Ka san abin da bawan Allahn nan ya yi? Ya zauna. Ya koma shi ne direban motarsu, shi ke ɗaukar kaya yana haɗa na'urori, in an shiga situdiyo ya zauna ya kaɗa musu fiyano, sunansa ba ya cikin jerin 'yan ƙungiya, haka ya yi shekara 22 har ya rasu a 1985. Da za a karrama su a Amurka a 1989 suka ce sai an sa sunansa. Ban ce a yi wa kowa irin wannan ba don zalunci ne, amma kowace tafiya mai tsawo in ka bincika akwai irinsa a ciki.

TAMBAYA: Malam wai har yanzu suna waƙa? Su nawa suka rage? Daga wata 'yar'uwa, Idi-Araba.

AMSA: Suna yi Hajiya. Charlie Watts ya rasu ranar 24 ga Agusta 2021 yana da shekara 80, bayan shekara 58 yana kaɗa musu ganga. Saura Jagger da Richards da Ronnie Wood, sun fitar da sabon faifai a 2023 sun kuma zagaya Amurka a 2024, biyun farko duk sun haura 80.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni tsohon direban tirela ne a Apapa, na tuna zamanin da turawa mawaƙa suke zuwa wurin Fela. Waɗannan ma sun zo Legas? Daga wani dattijo, Apapa.

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, tunaninka daidai ne, sai dai su Rolling Stones a ƙungiyance Afirka ta Kudu suka je wasa a 1995. Wanda ka tuna ina jin Ginger Baker ne, baturen nan mai jan gashi mai ganga, kuma yana da alaƙa da su, don kafin Charlie Watts ya shiga Rolling Stones yana kaɗa wa wata ƙungiyar buluz a Landan, da zai bar ta Ginger Baker ne ya gaje shi a kujerar. Shi ne ya ratso Sahara da mota ya zo Legas a farkon shekarun 1970, ya yi abota da Fela suka yi faifai tare, ya buɗe situdiyo a Ikeja. A 1973 kuma Paul McCartney, tsohon ɗan ƙungiyar mawaƙan Ingila ta Beatles, ya zo ya yi faifai a situdiyon EMI da ke nan Apapa ɗinku, har 'yan fashi suka tare shi da wuƙa da daddare suka ƙwace masa kaset ɗin waƙoƙin da ya fara haɗawa, Fela kuma ya fito ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka sai da ya kira shi ya saurari abin da yake yi.

Amma akwai ɗan Najeriya da ya hau dandamali ɗaya da Rolling Stones a ranar da ta fi kowace nauyi a tarihinsu. Kwana biyu bayan mutuwar Brian Jones, ranar 5 ga Yuli 1969, suka yi wasan kyauta a filin Hyde Park na Landan gaban dubban ɗaruruwan mutane, Jagger sanye da fararen kaya ya karanta waƙen makoki aka saki fararen malam-buɗe-littafi. A waƙar ƙarshe, wato waƙar nan ta 1968 mai ambaton shaiɗan, sai ga makaɗan Afirka sun cika dandamalin da gangunansu, jagoransu Ginger Johnson, mutumin Ijebu-Ode, wanda ya daɗe a Landan yana da kulob mai suna Iroko inda su Fela suke zuwa. Kafin nan ma wani ɗan Gana da ake kira Rocky Dijon shi ya kaɗa musu ganga a ainihin rikodin ɗin waƙar a 1968.

Ranar Asabar da ta wuce na nuna wa wani tsoho mai gyaran rediyo a unguwarmu bidiyon a wayata, Bayerabe ne ya kai shekara 75. Ya ajiye abin liƙin da ke hannunsa, ya matso da wayar dab da idonsa, ya yi shiru har makaɗan suka shigo, sai na ga yatsunsa suna buga tebur suna bin kiɗan, ya ce min da Hausarsa ta Agege, wannan hannun na gida ne. Bidiyon yana nan a YouTube Baba, ka sa jikanka ya nemo maka wasan Hyde Park na 1969, ya kai ka can wajen ƙarshe inda gangunan suke shigowa.