Inda za ka samu muhawarar majalisa kan sauyin makamashi

Ɗana, ka ce edita ya sa ka nemo abin da 'yan majalisa suka faɗa kan yadda za a rage dogaro da man fetur da kwal a koma ga gas da hasken rana ba tare da an cuci ma'aikaci da talaka ba, abin da ake kira sauyin makamashi cikin adalci. Ka shiga shafin Majalisar Tarayya, ka rubuta sunan batun a gurbin nema, bai kawo maka abin kirki ba. Shi ne kake tambayata ko dai ba a taɓa yin muhawarar ba ne.

An yi ta, har da ɗaga murya da ficewa daga zaure. Gurbin nema ne ba zai ba ka ita ba, don sanata ba ya miƙewa ya ambaci taken da ƙungiyoyi ke rubutawa a allon taro. Zai yi maganar kason garuruwan da ake haƙo mai a cikinsu, ko kuɗin wuta, ko tallafin mai, ko ƙona gas a Neja Delta. Don haka ka ajiye taken a gefe. Rana za ka fara nema, da sunan ƙudurin doka.

Ɗauki takarda ka jera ranakun da gwamnati ta yi wani abu a kan makamashi. A Agustan 2021 Buhari ya sa hannu a dokar masana'antar man fetur, wato PIA. A Nuwamban shekarar ya je taron sauyin yanayi na Glasgow ya yi alkawarin cewa nan da 2060 Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take kawarwa, ya dawo ya sa hannu a dokar sauyin yanayi a watan. A Agustan 2022 Osinbajo ya ƙaddamar da tsarin sauyin makamashi na ƙasa. Ranar 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, a Yuni kuma ya sa hannu a dokar wutar lantarki. Daga nan sai ka tambayi kanka wanne ne ya ratsa ta majalisa. Dokokin uku sun bi ta can, saboda haka suna da sawu. Tsarin 2022 kuwa takardar ɓangaren zartarwa ce, ba a kaɗa mata ƙuri'a a zaure ba. Maganar tallafi a dandalin Eagle aka yi ta wajen rantsuwa. Idan kana son jin bakin 'yan majalisa a kanta, ka duba Yulin 2023, lokacin da shugaban ƙasa ya nemi a gyara ƙwarya-ƙwaryan kasafin 2022 a ciro naira biliyan 500 don rage raɗaɗi.

Takardun majalisa kala-kala ne, kuma yawancin masu koyo a nan suke ruɗewa. Akwai takardar ajanda, wadda ke fitowa kafin zama. Abin da aka yi niyyar yi take faɗa. Sau da yawa za ka ga ƙuduri a cikinta, a zo zaure a ɗage shi don mai shi ba ya nan, ko lokaci ya ƙure. Kada ka taɓa rubuta cewa an tattauna abu don kawai ka gan shi a ajanda. Akwai kuma taƙaitaccen bayanin zama, wanda majalisa ke amincewa da shi a farkon zama na gaba. Shi ne shaidarka ta abin da aka zartar: wane ne ya gabatar, wa ya mara masa baya, an amince ko an yi watsi, wane kwamiti aka miƙa wa aikin, mako nawa aka ba shi. Amma muhawarar da ta ci sa'a biyu za ka tarar ya gama da ita a layi ɗaya, cewa an yi muhawara, an jefa tambaya, an amince. Kalaman da kowa ya furta suna cikin Hansard, babban kundin muhawara. Shi ne kake so, shi ne kuma ba kullum ake samunsa a intanet a kan kari ba. In babu shi, sai ka koma bidiyon zaman ranar a YouTube, ko ka taka da ƙafarka zuwa ɗakin karatu na majalisa da sashen da ke rubuta kundin. In ta kama, ka rubuta takarda a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Don sanin lambar ƙuduri da matakin da ya kai, shafin PLAC, ƙungiyar da ke bibiyar ayyukan majalisa, yana rage wa mutum wahala. Lambobin ƙudurorin dattawa da SB suke farawa, na wakilai da HB.

Bari mu bi PIA tare, don a cikinta za ka ga maganar adalci ƙiri-ƙiri. A daftarin da fadar shugaban ƙasa ta aiko, kason garuruwan da ake haƙo mai kashi 2.5 cikin 100 ne na kuɗin gudanar da aikin kamfani a shekara. Wakilan garuruwan sun zo zaman jin ra'ayin jama'a suna neman kashi 10. Ranar 1 ga Yulin 2021 zaurukan biyu suka zartar da ƙudurin, dattawa a kan kashi 3, wakilai a kan kashi 5. Aka kafa kwamitin daidaitawa, ya tsaya a kan 3, aka amince da rahotonsa a tsakiyar Yuli bayan hayaniya a zauren wakilai. Ka ga wanda ya karanta zaman 1 ga Yuli na wakilai kaɗai ya tafi ya rubuta kashi 5, ya yi wa masu karatunsa ƙarya ba da niyya ba. A dokar dai akwai kashi 30 na ribar mai da gas ta kamfanin NNPC da aka ware don neman mai a sababbin yankuna, irin su Tafkin Chadi da kwarin Binuwai. 'Yan Kudu da dama sun ga kuɗin arzikinsu ne za a kai Arewa, masu goyon baya kuma na cewa a haƙo abin da ke ƙasa tun duniya na sayensa. A Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da aikin Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe. Wa zai ci riba, wa zai ɗauki asara, nawa ne ya rage kafin kasuwar mai ta ja baya, ai wannan ita ce muhawarar da editanka ke nema, ko da ba wanda ya kira ta da sunan.

A kowane ƙuduri, karatu na biyu za ka fi zama a kai. Na farko sunansa kawai ake karantawa, na uku galibi an gama magana. A na biyu ne mai ƙudurin ke karanta jawabin buɗe muhawara, sauran su bi. Dokar sauyin yanayi, alal misali, Sam Onuigbo ne daga Abiya ya ɗauki nauyinta a zauren wakilai. Amma ka kula da zango. Majalisa ta takwas, ta 2015 zuwa 2019, ta zartar da wani daftari nata, shugaban ƙasa bai sa hannu ba, sai a ta tara aka sake shigo da shi. Ƙudurin da bai zama doka ba yana mutuwa da ƙarewar wa'adin majalisa, ya dawo da sabuwar lamba. In ka nemi lamba ɗaya kawai, rabin tarihin ya wuce ka.

Ni dai a ganina naman aikin yana wajen kwamiti. A zaure mutum yana magana ne kyamara na kansa, mazaɓarsa na kallo. A zaman jin ra'ayi kuwa ƙungiyoyin ma'aikatan mai NUPENG da PENGASSAN da ƙungiyar ƙwadago da kamfanoni kowa yana miƙa takardar matsayinsa a rubuce, da alƙaluma. Takardun nan ba safai suke hawa intanet ba, suna wajen akawun kwamiti, wani lokaci a ɗaure da roba cikin kwali. Ka je da sallama da katin aikinka, ka faɗi sunan ƙudurin da ranar zaman daidai, ka nemi izinin ɗauka a waya. Haka za ka yi da batun kuɗin wuta na Afrilun 2024, da aka ɗaga wa 'yan rukunin A, masu samun wuta mafi tsawon lokaci, zuwa naira 225 kan kowane yunit, kwamitin wuta na dattawa ƙarƙashin Sanata Abaribe ya kira ministan wuta Adelabu ya yi bayani.

Wani abu kuma, ka bambance ƙudurin doka da ƙudurin jan hankali. Kullum za ka ji majalisa ta buƙaci gwamnati ta dakatar da kaza. Roƙo ne mai ƙarfi, ba ya ɗaure kowa. Sannan yawancin ƙuri'unmu na murya ne, a ce i a ce a'a, shugaba ya buga guduma. Ba a rubuta suna ba, don haka ba ka da hurumin cewa sanata wane ya zaɓi kaza sai in an raba zaure an ƙirga, ko shi da bakinsa ya faɗa.

Tunda edita na son ka kwatanta da waje, biyu sun ishe ka. Afirka ta Kudu ce ta fi kusa da mu a hali. Yawancin wutarta daga kwal take, a Glasgow kuma ƙasashe masu kuɗi suka yi mata alkawarin dala biliyan 8.5 don ta fara barinsa, kafin Amurka ta janye a 2025. Akwai wata ƙungiya mai suna PMG da ke zama a kwamitocin majalisarsu tana wallafa bayanin zama, sau da yawa har da sautinsa da takardun da aka gabatar. A can ma kada ka tsaya ga take. Rubuta Komati, tashar kwal ta Eskom, kamfanin wutar ƙasar, da aka rufe a Oktoban 2022 a lardin Mpumalanga, za ka ga ana tambayar ina ma'aikata da mutanen garin suka kwana. Rubuta Mantashe, ministan da ya fito daga ƙungiyar ma'aikatan haƙar ma'adinai, wanda bai taɓa ɓoye cewa ba ya son a yi gaggawar barin kwal ba.

Na Birtaniya shi ne mai sauƙin bincike. Hansard ɗinsu yana intanet tun daga muhawarorin farkon ƙarni na 19, na yau kuma yakan hau cikin sa'o'i, kana iya tacewa da rana da sunan mai magana. Nemi Grangemouth, matatar mai ta Scotland da ta daina tacewa a 2025, ko Ratcliffe, tashar kwal ta ƙarshe a ƙasar da aka kashe ranar 30 ga Satumban 2024. Sai dai ka tuna Scotland tana da majalisarta a Edinburgh da nata kundin daban, kuma amsoshin da ministoci ke bayarwa a rubuce suna wani sashe. Alƙaluma sun fi yawa a can.

Ko a ina ne, Hansard gyararren zance ne. Ana cire maimaici da tuntuɓen harshe, ihun da ya cika zaure kuma ya koma kalma ɗaya. In za ka sa magana a bakin mutum, ka haɗa kundi da bidiyo. In ka juya ta zuwa Hausa, ka ajiye asalin a fayil ɗinka, don ranar da mai taimaka wa sanata zai bugo ya ce maigidansa bai faɗa ba. Kowace magana ka ciro, ka rubuta rana, zaure, lambar ƙuduri, da shafi ko mintin bidiyo a gefenta, nan take, kafin ka buɗe wata takardar.

Gobe ka fara da taƙaitaccen bayanin zaman 1 ga Yulin 2021 na zaurukan biyu. Ka fitar da sunayen waɗanda suka kawo gyara a sashen garuruwan mai da na neman mai a sababbin yankuna, ka kawo mini mu duba wanda ya kamata ka fara kira a waya.